Igiyar Hawan Dabino da Baba Maharbi

Anti Sabuwa, don Allah ki agaza mini, murna tana neman sa ni yin ɓarna.

Ina zaune a unguwar Hayyus Sabi', nan ƙasar Larabawa, da mijina Sada. Alhamdu lillahi na kammala karatu, sakamako ya yi kyau, wata mai zuwa sai gida. Ƙasa ba ta ɗaukata don daɗi! Na haɗa wa kowa tsaraba, saura Baba.

Baba maharbi ne a ƙasar Ningi, da wannan sana'a ya rene mu. Yakan hau bishiya kusa da mashaya ya yi kwanton gada, yana kafa turakun itace a jikinta yana takawa. Ya haura sittin. Bara wani turke ya karye da shi, Allah ya taƙaita, targaɗe kawai ya yi. Ya warke garau, har yana cika mini baki a waya wai naman walimata daga bindigarsa zai fito. Na yi dariya, amma gabana yana faɗuwa.

Maƙwabcinmu Mu'tasim, Bahaushen Sudan, cikin gonakin dabino ya tashi. Ya nuna mana igiyar nan mai faɗi da suke zagayawa a ƙugu da jikin dabino, ya haye wanda ke bayan gidanmu kamar ƙadangare. Na ce khalas, na sami tsarabar Baba, na sa aka sayo. Sada kuwa, da son a sani, ya ce zai gwada a bishiyar turare. Anti, bai wuce tsayinsa ba ya sulalo rungume da ita, jallabiya ta naɗe masa a wuya. Mai gadin gidanmu har yau ma'alish, wato sannu, yake ce masa.

Yanzu na rikice. Akwai ƙusoshin ƙarfe da ake murɗawa cikin itace, akwai matakala masu madauri. Ga Baba da zuciya, ina tsoron ya ce na mai da shi tsoho. Ya zan yi?

'Yar Maharbi

'Yata, barka da wannan nasara, Sada kuma sannu da jiki.

Igiyar ba ta da laifi. Jikin dabino kansa matakala ne, ƙafa tana samun wurin tsayawa, shi ya sa take aiki. Maɗaci da ɗorawa ba haka suke ba. Ki bar wa Mu'tasim kayansa.

Ƙusoshin ba su da nauyin ɗauka, sai dai sukan yi tsatsa, su saki a itace mai taushi, su kuma raunata bishiya. Ki sayi matakala masu madauri, marasa nauyi, masu haƙoran da ke cizon ɓawo da faɗin da zai ɗauki takalmi. Ki duba nauyin da aka rubuta za su iya ɗauka, ya zarce na Baba da kayansa sosai. Ki haɗa da ɗamarar tsaro mai kama ƙirji da cinyoyi, wadda zai ɗaure a bishiya tun daga ƙasa. Ita ce gaba da komai. Ya fara gwaji daf da ƙasa, ya riƙa duba madaurin don rana tana cinye su. Bindiga kuwa ya jawo ta da igiya bayan ya zauna, ba harsashi a ciki.

Tsoronki yana kan hanya, zuciyar Baba ma haka. Kada ki hana shi daji. Ki miƙa masa kayan a matsayin gwanin da zai gwada ya faɗi ingancinsu, sannan ki gaya masa gaskiya ido da ido: ba hawansa kike shakka ba, saukowarsa kike so ki tabbatar.

Allah ya kai ku gida lafiya, ya sa ki ci naman walimarki Baba yana zaune a gefenki.