Ni na sa direbanmu ya shiga daji, yanzu shi ake kira infoma

Assalamu alaikum Anti da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana. Kuma ina roƙon duk wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, domin zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Ni ungozoma ce ta asibiti, amma a 'yan shekarun nan aikina ya koma tsara fitar asibitin tafi-da-gidanka na wata ƙungiyar agaji. Daga Kaura Namoda muke shiga ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da allurar rigakafi da awon ciki da abincin yara masu tamowa. Ni nake cewa yau mota ta bi nan, gobe ta bi can, amma ba a motsawa sai jami'in tsaro na ofishinmu ya ce hanya ta yi kyau. Dokarmu a fili take. Duk wanda ya zo gabanmu da ciwo za mu duba shi ba tare da mun tambaya ko shi wane ne ba, amma ba ma zuwa mazaunin 'yan bindiga, ba ma ƙulla magana da su a ɓoye. Ni da bakina nake koya wa sababbin ma'aikata wannan dokar.

Akwai wani ƙauye a ƙasar Zurmi da 'yan bindiga suka tare hanyarsa tun farkon daminar bana. Ma'aikacin lafiyar garin ya gudu, sai kuma ƙyanda ta shiga cikin yara. Duk sanda mai garin ya samu sabis sai ya kira ni, ba ya ma roƙo, sunayen yaran da suka binne kawai yake faɗa mini, ɗan wane, 'yar wance. Na kai maganar gaban manyanmu ba sau ɗaya ba, amsar ɗaya ce, a jira hanya ta buɗe. Ban ga laifinsu ba, an taɓa ɗauke ma'aikatan lafiya a yankin. Amma yaya mutum zai ci tuwo ya ƙoshi alhali allurar da za ta tsare yaran nan tana cikin firij a bayan teburinsa?

Ana cikin haka, wata ranar awo a Zurmi, wata tsohuwa ta zauna har kowa ya watse sannan ta matso kusa da ni. Ta ce matar mutumin da ke riƙe da hanyar ta haihu, zazzaɓi ya ƙi sakinta, ko nono ba ta iya bayarwa. In na je na duba ta, motarmu za ta riƙa wucewa ba mai taɓa ta. Na ce su kawo ta asibiti ba wanda zai tambaye ta komai. Tsohuwar ta ce in yarinyar ta shigo gari aka gane matar wane ce, ba za ta fita da rai ba.

Ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Na shaida wa ofis cewa zan je duba aikin wani ƙaramin asibiti, na ɗauki magunguna, na fita da direbanmu. Zan kira shi Malam Isiya, ba sunansa ba ne. Dattijo ne, ya kusa haifata, mutum ne da ko ragowar man mota ba ya taɓawa. Da muka kai mararrabar da tsohuwar ta kwatanta na ce ya karya hagu, sai ya taka birki ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Hajiya, ofis sun san da tahiyar ga?"

Na ce, "Sun sani, Baba. Mu je."

Wallahi Anti, wannan kalmar ita ce take cin raina. Da na gaya masa gaskiya, da shi zai zaɓa, ko ya bi ni ko ya ƙi. Ban ba shi wannan damar ba. Ya yi bismillah ya karya kan mota saboda ya yarda da ni.

Ba zan ja labarin abin da na gani a can ba. Samari ne da bindigogi suka tsayar da motar a bakin wani rafi, aka bar Malam Isiya a ciki, ni aka shiga da ni da ƙafa. Mai jegon yarinya ce ƙarama, kwance a bukka, jikinta kamar wuta. Na gyara ta, na sa mata ruwa, na yi mata allura, na koya wa tsohuwar yadda za ta ba ta sauran maganin. Mijin ko fuskata bai duba ba, ya ce mu wuce duk ranar da muka ga dama. Da na dawo sai na ce wa jami'in tsaronmu mai gari ya ce hanya ta lafa. Ya yi nasa binciken, ya ji shiru, ya ba mu izini. Muka shiga ƙauyen, muka yi wa yara rigakafi, muka kwaso waɗanda suka galabaita zuwa asibiti. Mata suna riƙe hannuna suna sa mini albarka. A ofis aka yaba mini a gaban kowa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin yabon.

Ashe ranar da muka shiga dajin wani mai babur ya hangi motar a bakin rafi, ya kuma gane direban. Magana ta fara yawo daga garin Kasuwar Daji har ta iso Kaura, wai direban 'yan agaji infoma ne, shi ke kai wa ɓarayi magani da fetur da labarin gari. Duk ɗan Zamfara ya san abin da wannan sunan yake jawo wa mutum. Bayan sallar Juma'a 'yan sa-kai suka tare shi, suka yi masa dukan da har yanzu ba ya ji da kunne ɗaya. Allah ne ya kawo jami'an tsaro suka karɓe shi, yanzu yana hannunsu.

Shugabanmu ya kira ni ofishinsa ya tambaye ni ko na san wata fita da Malam Isiya ya yi zuwa wajen. Nan ne ya kamata in buɗe baki, amma tsoro ya kama ni, na ji kaina ina cewa wataƙila ya ɗauki motar ne lokacin da nake cikin asibiti ina duba aiki. Wace irin mace ce ni? Mutumin da ya bi ni cikin daji bisa amana, ni ce na ƙara ɗora masa. Aka dakatar da shi daga aiki har sai an gama bincike.

Matarsa ta zo gidana. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna ƙasa. Ta ce yaransu sun daina zuwa Islamiyya saboda ana ce musu ɗiyan infoma, maƙwabta sun daina amsa sallamarta, ko markaɗe ta aika sai a dawo da shi. Ba ta san komai ba, bai gaya mata ba. Ta zo ne saboda kullum ni yake yabo a gida, tana roƙon in je in shaida halinsa. Na ba ta haƙuri, na raka ta bakin ƙofa.

Daga baya na samu aka bar ni na gan shi. Ya rame, gefen fuskarsa a kumbure. Na kasa haɗa ido da shi, sai tambayarsa nake ko ya ci abinci. Ya bari har mai gadin ya ɗan matsa sannan ya yi magana a hankali.

"Sun tambaye ni wa na kai, ban hwaɗi ba. Ba don ba ni jin zahi ba, Hajiya. Ina jiran ki hwaɗi da bakinki ne. Amma ni tsoho ne, ban san iyakar abin da zan iya ɗauka ba."

Tun daga ranar ba ni da sukuni. In na yi magana, sunan infoma kaina zai dawo, ga yarana ƙanana, ga mijina malamin makaranta ne da kowa ya sani a unguwa. Ba ni kaɗai ba ma, ana iya cewa ƙungiyar gaba ɗaya tana hulɗa da 'yan bindiga a rufe aikin a ƙananan hukumomin uku, to matan da ke jiran awo da yaran da ke kan abincin tamowa fa? Wani lokaci ina gaya wa kaina saboda su nake shiru, amma in na yi sujada na san tsoron kaina ya fi yawa a ciki. Ga shi mutanen dajin suna da lambata, sun kira ni wai wani nasu ya ji rauni, na kashe wayar na jefa ta cikin akwati, ban san ko gobe za su sake rufe hanyar ba.

Ban yi nadamar duba yarinyar nan ba, mai jego ce, kuma an ce ta tashi. Ƙaryar da na yi wa Malam Isiya da wadda na yi a kansa su ne ba na iya ɗauka. An ce za a mayar da shi Gusau nan ba da jimawa ba, in aka kai shi can ban san yaushe iyalinsa za su sake ganinsa ba.

In fara gaya wa mijina ne, ko shugabanmu, ko in nemi lauya? Akwai hanyar da zan wanke bawan Allahn nan ba tare da an rufe aikin ba? Masu ilimin addini da masu sanin shari'a, don Allah kada ku lallashe ni, ku gaya mini gaskiya. Me zan yi?