Munduwar Inna

Mungadi, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Zinatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lahiya, ke da maigidanki Labbo. Bayan haka, maƙwabciyarmu Tasalla ta gan ki a shagon magani a Jega kina sayen ƙwayoyin rage ƙiba, ba ko takardar likita. Ta ce da ƙyar ta shaida ki. Mun aurar da ke cikakkiyar mace kamar marigayiya uwarki, ga shi yanzu gari ya ɗauka Labbo ba ya ciyar da ke. Babanki ya rantse in ba ki murmure ba kahin Sallah, zai taho ya ɗauke ki daga gidan nan. Ga man shanu na aiko, ki ci, ki rufa wa mijinki asiri.

Gwaggonki,
Tamu

Aliero, Juma'a

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Man shanu ya iso, na raba wa maƙwabta.

Tasalla ba ta yi ƙarya ba, na sayi ƙwayoyin. Sati biyu na sha, zuciyata ta riƙa bugawa kamar ana daka. Ma'aikaciyar asibiti ta yi min fata-fata, na watsar da su. Wannan kuskurena ne, na karɓa. Amma rage tuwo da tahiyar da nake yi kowace safiya har bayan gonakin albasa, ba mai hana ni, ko Baba. An auna jinina, ya hau, Gwaggo, ina da shekara ashirin da takwas.

Kullum kuna yabon cikar Inna. Ni kuwa abin da ban manta ba shi ne ranar da hannunta ya kumbura har aka kira maƙeri ya yanke munduwarta, ke kika riƙe mata hannun. Ba ta ga arba'in ba. Duk masu yabon nan sun ci shinkafar sadakar uku sun watse, ni aka bari ba uwa. Raina ya ɓaci ƙwarai da kuka ɗora wa Labbo laihi, mutumin da ke raka ni a ƙasa yana haki, abokansa na yi masa dariya. Ki gaya wa Baba ƙofa a buɗe take, ya zo ya ci abinci, amma shi kaɗai zai koma.

Ki yafe min kaushin harshe. Ki huta lahiya.

Ɗiyarki,
Zinatu

Mungadi, Laraba

Zinatu,

Salamu alaikum. Na karanta wa babanki takardarki, ya tashi ya hita. Buɗe ƙullin nan. Munduwar ce, shekara goma sha biyar tana ƙasan akwatina, ban taɓa iya kallonta ba. Na kai wa maƙeri ya haɗa ta, na ce ya rage mata faɗi. In ta yi miki yawa, ki maido a ƙara ragewa.

Gwaggonki,
Tamu