Kanwa a Bargar Bajamushe

Al Wukair, Doha

Kawu Nasidi,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Inna Ladi. Bayan haka, bargarmu ta rikice. Godiyar da nake kula da ita ta ci gasar tsallaken shinge makon jiya, aka ɗebi jininta, aka ce an sami abin da doka ta hana. An ƙwace kofin. An ba maigidana Baba Folka kwana goma ya yi bayani, in ba haka ba ya bar horar da doki har abada.

Baba Folka shi ne tsohon Bajamushen da nake ba ka labari. Ubansa hafsan sojan doki ne a ƙasarsu, ya ci kofuna kafin babban yaƙi, ya dawo gida a ƙafa, da hannu ɗaya, ba abin da ya tsira da shi sai linzamin dokinsa. Da hannu ɗayan nan ya ci gaba da shiga gasa, ba a taɓa kama shi da maguɗi ba. Linzamin na rataye a ofis, kullum sai tsohon ya goge shi.

Ni dai ban yarda da shi ba. Kafin kowace gasa yakan rufe kansa da godiyar, ba mai shiga. Me yake ba ta? Yanzu kowa hararar kowa yake, Rafiu direba ma ya daina cin abinci da mu.

Ɗanka, Ɗalhatu

*

Mai'aduwa

Ɗalhatu,

Mun amsa gaisuwa. Ka buɗe idonka. Shekara talatin ina sayar da dawakai, ban taɓa ganin mai doki ya ɗauki laifi alhali yana da bara ba. A kanka zai juye shi. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.

Kanwar da na aiko maka ta hannun Sagiru, ina fata kana zuba wa godiyar a dusa. Dabbar da ta sha gudu sai da kanwa.

Allah ya tsare. Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa, amma hankalina a tashe yake. Jiya likitan dabbobi ya tara mu, ya ce abin da aka gani wani gishiri ne mai hana doki saurin gajiya. Ya nuna mana irinsa, na ɗanɗana a harshe. Wallahi kanwa ce. Ranar gasar da safe ninki biyu na zuba mata, don ta ji ƙarfi.

Na kuma leƙa Baba Folka ta ramin ƙofa. Ba ya ba ta komai, Kawu. Goshinsa kawai yake jingina a wuyanta yana mata magana. Sakatarensa ya faɗa mini tsohon ya riga ya rubuta takarda cewa laifin nasa ne, wai ubansa ya koya masa hafsa shi ke amsa laifin dokinsa da na mutanensa. Kunya ta hana ni kallon idonsa.

Ɗalhatu

*

Ɗalhatu,

Gaisuwa. Yaushe kanwa ta zama haram? Kakanninmu da ita suka yi kiwo. Kuma wa ya ce maka takardar nan gaskiya ce? Ƙila tarko ne, suna jiran wani ya buɗe baki. Ka zubar da ragowar, ka yi shiru. Shi tsoho ne, ya ci zamaninsa. Kai kuwa in kafil ɗinka, wanda ya tsaya maka a takardun zama, ya ji, jirgi za a sa ka. Umarni ne nake ba ka.

Kawunka Nasidi

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ka yafe mini, na saɓa maka. Na kai wa Baba Folka ƙullin kanwar, na faɗi komai. Ya buɗe ya shinshina. Sannan ya ce, "Shekara uku kana tare da ni, ban taɓa tambayarka abin da mutanenku ke ba doki ba."

Bai yaga takardarsa ba. Gobe za mu je gaban kwamitin gasar tare, ya ce shi zai fara magana. Ban san ko zan kwana a Doha jibi ba. Da zan fita ya sauko da linzamin ubansa, ya miƙo mini da tsumma, ya ce yau ni zan goge.

Ka sa mu a addu'a, mu biyun.

Ɗalhatu