Rana ta Arba'in da Biyu a Injin Ƙyanƙyasa

Anti, don Allah ki ba ni shawara, wallahi na gaji. Aikina shi ne gwada manhajar da ke tafiyar da injinan ƙyanƙyasar ƙwai. Kafin a saka ta a inji, nakan kwaikwayi aikinta a kwamfuta in ga halinta. Injin yana duba zafi sau goma a sakan ɗaya, yana juya ƙwai duk awa, yana kuma ƙirga kwana ashirin da ɗaya. A ofishinmu kowa ɓangarensa yake gwadawa, na awa guda, ya sa hannu ya kama gabansa.

Ni ce uwar shisshigi da na haɗa ukun, na sa kwamfuta ta yi musu tafiyar wata uku. Ashe agogon zafi yana zamewa daga na juyi kaɗan-kaɗan. A rana ta arba'in da biyu sai su yi karo, hitar da ke ɗumama ƙwan ta maƙale a kunne, ƙwai su dahu. Ba a taɓa gani ba, domin ana kashe inji a wanke shi bayan kowace ƙyanƙyasa. To yanzu wata gona ta sayi namu, kuma ba za ta riƙa kashewa ba, ana fitar da 'yan tsaki ana zuba sabbin ƙwai.

Wanda ya rubuta ɓangaren zafin shi ne dattijon da muke kira Baba Sakan. Shi ya koya mini aikin nan tun ban san komai ba. Saura wata ɗaya ya yi ritaya, kullum cika bakinsa shi ne shekara goma sha biyu manhajarsa ba ta yi tari ba. Manaja kuma ya ce in sa hannu kawai, a gyara daga baya. Mako biyu ke nan Baba na miƙo mini shayi ina sunkuyar da kai. Ko son kunna kwamfutar ba na yi.

Mai Gwaji

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Da farko, kada ki sa hannu. Manaja yana da tasa damuwar, mai saye na jira, amma ranar da ƙwai suka dahu sunanki za a gani a takarda. Ki rubuta masa abin da kika gano, ki ƙara da cewa kafin a gyara, dole a riƙa kashe injin duk mako uku. Da wannan sharaɗin kaya za su iya fita.

Shi kuwa Baba, ban ga laifinsa ba. Don injin da ke hutawa ya rubuta manhajar, kuma ta yi aikinta. Yanayin aikin ne ya sauya. Ki same shi shi kaɗai, ba a taro ba, ki nuna masa hoton agogunan biyu suna rabuwa, ki tambaye shi yadda ya gani. Zai iya ɓata rai, ki haƙura da wannan.

Kina ganin shirunki kare shi yake yi. Ki lissafa mana: saura masa kwana talatin, matsalar kuma sai ranar arba'in da biyu. Yana gida za a kira shi a ce manhajarsa ta kashe ƙwai, lokacin ba shi da teburin da zai zauna ya gyara. Ki ba shi watan nan ya gyara abinsa da hannunsa. Gobe idan ya miƙo shayi, ki karɓa, ki jawo masa kujera.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya huta gajiya.