Lambar da Na Ɗinka wa Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kai da iyali kuna lafiya, Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma lafiya lau. Inna tana nan da rigimarta, Auta ta shiga aji uku.

Ka tambaye ni a waya wa ya kayar da su Dogo a wasan ƙarshe na ƙwallon kwando, na ce layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, Yaya, bakina ne ya yi nauyi. Ka san wasan nan shi ne na hawa babban rukuni, kuma mai kulob ya riga ya ce in ba su hau bana ba, zai rufe kulob ɗin. Da maki ɗaya aka cinye su. Unguwa ta rabu biyu: wasu na zagin alƙalin wasa, wasu na cewa ɗana ne ya ɓarar da jifan ƙarshe, har mai shagon kusa da nawa yana kwaikwayon yadda ƙwallon ta zagaya bakin kwando ta faɗo waje. Ina jin su daga kan kekena, ina ta ɗinki kamar kurma.

To ga gaskiyar. Rigar Dogo ta yage a wasan baya, na zauna na ɗinka masa sabuwa. Da na zo lamba, sai zuciya ta raya mini in sa bakwai, wadda marigayi babansa ya yi wasa da ita, maimakon sha biyu tasa. Ni a haukata albarka nake nema masa. Ban san lambar kowa tana rubuce a takardar masu rubuta maki a tebur ba. Da ya ga rigar ya dubi fuskata, ya ce ta yi kyau. Bai gaya wa koci ba, don kada a sa shi ya cire. Yana shiga fili aka busa usur, aka ce lamba ta saɓa, aka ba abokan karawa jifa kyauta. Suka jefa ta shiga. Makin ke nan guda ɗaya.

Koci ya ce wa mutane shi ya yi kuskuren rubutu, ya ɗauki zagin da ba nasa ba. Na ce zan je in faɗa, Dogo ya rantse in na buɗe baki zai bar gidan. Ya ce shi ya sa rigar da hannunsa, shi kuma ya ɓarar da jifa, in bar maganar. Ina zan bar ta? Wallahi baƙin ciki nake kwana da shi nake tashi da shi.

An rufe kulob ɗin makon jiya. Dogo ya kai ashirin da shida, gwiwarsa kuma kullum a ɗaure, babu mai neman irinsa. Kada ka wahalar da kanka da aiko takalmin da ka yi alkawari. Ya samu aikin gadi a wani sito, jiya ya kawo mini wandon aikin in sauke masa ƙafa, don bai kai masa idon sawu ba. Na sauke iya abin da yadin ya bari, har yanzu bai kai ba.

Ka gaishe mini da Anti da 'yan biyu, da Kawu in kun haɗu. Inna tana sa maka albarka. Ka sa Dogo a addu'a, ni kuma ka roƙa mini ya yafe, ko da yake ya ce babu abin yafewa.

Taka ƙanwa,
Maman Dogo