Dabinon da Na Aika wa Kocinki

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ƙafar nan taki ta hagu, ina sanar da ke mu nan unguwar Ulaisha ta Riyad lafiya lau muke, sai kewarki. Yau sati biyar ba ki ɗauki wayata ba, saƙonnina kuwa ina ganin alamar kin buɗe. Shi ya sa na kawo wasiƙar nan shafina, inda na san kina leƙowa. Na san ba a saba ganin uwa tana ba 'yar fari haƙuri a bainar jama'a ba. Mai son gulma ga fili nan, ya shimfiɗa tabarmarsa.

Ke ɓangarenki kika sani, bari ki ji nawa.

Ran da kika kira ni daga Amurka kika ce a watan Mayu za ki gama digiri, kuma saura miki shekara ɗaya ta tsere saboda shekarar da ƙashin ƙwaurinki ya tsage ba a lissafa ta ba, na fahimta. Kika ce jami'arku ba ta da digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, don haka dole ki samo wata da za ta ɗauki nauyin karatunki ki yi mata gudun dogon zango, in ba haka ba bizarki ta ƙare. Wannan ma na fahimta. Sai kika ƙara da cewa babu kocin wata makaranta da zai iya ko amsa miki gaisuwa sai kocinki na yanzu ya ba da izini a rubuce. Nan kunnena ya tsaya. Ban ji ƙarshen maganar ba, inda kika ce in bari ki gama gasar cikin ɗaki tukuna, ki gaya masa da bakinki.

Ummi, shekara ashirin da uku ina ƙasar nan. In aka ce wani ba ya motsi sai da sa hannun wani, sunan abin ɗaya na sani: kafala. Na zauna na karance littafin dokokin wasanninku, mai kauri kamar tubali, na ga kafala ce aka sa mata kwat da lakataya. Su da suke rubuta mana dogayen maƙaloli a kan 'yancin ma'aikata!

Kina da shekara shida lokacin da na nemi barin ƙaramin asibitin nan na Utaiƙa. Wataƙila kin tuna rigar da na sa miki, mai ruwan goro. Ba takarda na kai wa kafilina ba. Kwalin dabino na ɗauka da turaren udu, na riƙo hannunki, Hajiya Rabi ta Maraɗi ta raka mu don ta sa mini baki. Muka zauna, aka sha gahawa, aka yabi mutumin, aka yabi iyayensa, sannan a ƙarshe aka ambaci abin da ya kawo mu. Ya sa hannu kafin la'asar. Hajiya Rabi takan ce babba ba a tambayarsa, roƙonsa ake yi, kuma ba yaro ke roƙon ba, iyayensa ne.

Abin da na yi wa kocinki ke nan. Na rubuta shafi uku da Turancin da nake alfahari da shi. Na kira shi uba gare ki, na gode masa, na roƙe shi don girman Allah ya sake ki. Na haɗa da dabinon sukkari mafi kyau da na samu a kasuwar Utaiƙa da kwalbar udu. Abbanki ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona ina naɗe kwalin, ya ce mutanen can ba a yi musu haka. Na ce masa ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi mini ɓarna kamar wannan ba.

Sauran kin fi ni sani. Kocin ya kira ki ofis, kwalin yana kan tebur, ya tambaye ki tun yaushe kike shirin tafiya, kuma me ya sa sai daga wata nahiya zai ji. Ya cire ki daga tawagar da ta je gasar ƙarshe. Takardar izinin kuma har yau yana nazari. Namiji da gemunsa, shekara huɗu kina yi masa gudu a kan ƙanƙara, har ƙashi kika fasa masa, amma kwalin dabino ya isa ya ɓata masa rai. Ina da abin faɗa masa da yawa, da harsuna uku. Na haɗiye.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Maganarki ce ta ƙarshe kafin ki kashe waya, da kika ce da gangan na yi don ki rasa gurbi ki dawo gida.

Zan ba ki amsa tsakani da Allah. E, ina son ki dawo. Kullum in na taso daga aiki da rana na san ke lokacin kike ɗaura takalmi a can, gari bai gama wayewa ba. Nakan hau saman bene in kwashe shanya, in tsaya ina kallon wurin da kike zagaye tankin ruwa kina 'yar shekara tara, ba takalmi, kina ƙirga zagayen da Larabci saboda ya fi miki sauri a baki. Maƙwabciyarmu ta ƙasa tana buga silin da sandar mofa. Ni kuma ina yi miki tsawa a fili, a zuci ina taya ki ƙirga.

Na tuna umararmu kina shekara goma sha ɗaya. Tsakanin Safa da Marwa, da muka iso koren fitilu, maza suka fara sassarfa, kika zabura za ki bi su, na damƙe miki abaya. Kika ɗago kika ce, Umma, ba mace ce ta fara gudun nan ba? A shekarar na kai ki makaranta Jos wurin ƙanwata, inda akwai fili da tuddai, na dawo na yi wata guda ban shiga ɗakinki ba. Wadda ta yi wannan ba za ta ja ki da dabara ki dawo kan benen da taku ashirin ya ƙure shi ba. Ina son ganinki a ƙofar nan da jakarki, kin zo hutu, da tikitin komawa a hannu. Ba na son ganinki kin dawo don an rufe miki hanya, balle a ce ni na rufe.

Ga abin da na iya yi. Na bi jami'o'i ɗaya bayan ɗaya, na ware waɗanda suke da fanninki kuma manyan masu gudunsu mata suna gamawa bana, na duba lokutansu a mita dubu biyar na gwada da naki. Guda tara na samu da za su yi murna da ke. Dokar kuma ta ce in ya hana izini kina da damar kai kuka gaban kwamitin makarantarku, na ja layi a ƙarƙashin wurin. Duk suna cikin littafina mai baƙin bango. Ban rubuta wa kowa ba, kuma ba zan rubuta ba. Ba zan ma turo miki ba sai kin ce in turo. Kin san ni, kin san wannan ya fi mini azumin bazara wuya.

Allah Ya sassauta zuciyar mutumin nan, in ba ta sassautuwa Ya buɗe miki ƙofar da ba ta bi ta ofishinsa ba. Allah Ya ƙarfafa ƙashinki, Ya ba ki gurbin da ya fi alheri, ko da ya fi wannan nisa da ni. In kin kira ba sai kin ce kin yafe ba. Ki ce mini kin ci abinci, ya ishe ni.

Wassalam.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Umma
Ulaisha, Riyad