Shuɗin Galan na Bayan Ƙofa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi. Idan kin tambayi tamu lafiyar, ba zan ce miki ƙalau ba, sai dai alhamdu lillahi a kowane hali.

Na ga kiranki har sau tara ban ɗauka ba. Kada ki yi fushi da ni. Idan na buɗe baki kuka ne ke fitowa, shi ya sa na ari biro a wurin nas nake rubuta miki a kan gwiwata. Yau kwananmu shida a asibiti. Shalele ce ta ƙone, Yaya, 'yata ɗaya tilo.

Ga yadda abin ya faru. Malamar ajinsu ta aiko cewa ƙwarƙwata ta shiga kan yara, kowa ya duba na 'yarsa. Na duba na samu. A gaban surukata na ce zan sayo man wanke kai a kemis idan na fita sayen zare da zif. Ran Asabar da hantsi na fita. Ko awa ɗaya ban yi ba, Kaka, uwar mijin nawa, mai ganin duk abin da 'yan zamani ke yi ɓata lokaci ne, ta tsefe wa yarinya kitso, ta zaunar da ita a bakin kicin, ta ɗauko shuɗin galan ɗin da muke zuba kananzir ɗin risho daga bayan ƙofa, ta tuttule mata a kai tana tajewa. Wai haka ta yi wa 'ya'yanta shida kuma babu wanda ya mutu. Ashe fetur ne a cikin galan ɗin. Ga murhun gawayi da butar shayi a kai, bai fi taku uku daga inda suke ba.

Likita ya ce fetur ba ya jiran wuta ta taɓa shi, tururinsa ne ke tafiya ya ɗauko ta. Ya ce ko kananzir ɗin ma ba abin sa wa yaro a kai ba ne. Maƙwabciyarmu mai kitso ce ta jiyo ihun ta faɗo gidan. Ta ce ta tarar da tsohuwar ta danne kan yarinyar da zane tana buga wutar da tafukanta. Ana ta ba ni labarin nan kamar wani abin yabo. Wanda ya jefa ka rijiya ya miƙo maka igiya, gode masa za ka yi?

Gashin nan da kike tsokanarta da shi, kina cewa ta ba ki aro ki je unguwa, babu shi. Rabin fatar kai ta tafi, kunnen hagu ya naɗe, ƙunar ta gangaro har wuya. Idanunta dai Allah ya tsare. Duk safiya idan za a wanke ciwon, mutum uku ke riƙe ta. Shekararta bakwai, Yaya.

Ita kuwa Kaka maganarta ɗaya ce: ba ta sani ba. Hancinta ya daina jin wari tun murar da ta yi shekara biyu da suka wuce, idonta kuma ba ya rarrabe launi sosai. Na ce mata rashin sani ya fi dare duhu, amma ba ya mayar da kunne. An naɗe mata hannu biyu da bandeji aka sallame ta, sai ga ta kullum a ƙofar ɗakin 'yan ƙuna. Na gaya wa mai gadi kada ya bar ta ta shigo, likita ya hana hayaniya. Likita bai hana ba, ni na hana. Tana can kan benci a gindin bishiya, hannuwa a sama kamar mai roƙon ruwa. Ina hango ta ta taga, kuma wallahi ko ɗigon tausayinta ba na ji.

Baban Shalele yana hanya, jiya aka ba shi izini daga wurin aikin ginin da suke yi. Zan gaya masa gida ɗaya ba zai ɗauke ni da uwarsa ba. Ki taya mu da addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Ƙanwarki Tela

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiya, ina fata kowa lafiya. Saƙonki ya iso ta hannun direba, da 'yan hulunan ulun da kika saƙa wa Shalele. Ta zaɓi jar, ko wanka za a yi mata sai an yi fama kafin ta cire. Allah ya bar zumunci.

An sallame mu, yau kwana goma muna gida. Sau biyu a mako muke komawa wankin ciwo. Na kwashe duk madubin gidan na kai shago, har ƙaramin na jakata.

Na karanta wa'azinki. Kin ce tsohuwa ce, kin ce ba da gangan ta yi ba, kin ce in tuna ita ta yi jinyata wata biyu lokacin da aka yi mini aiki. Duk na ji. Wanda ba a jikinsa abu yake ba shi ke da bakin cewa a yi haƙuri. Sannan kika rufe da tambayar yadda fetur ya shiga galan ɗin kananzir. Ke ma kin zama 'yar sanda ke nan? Gida ne mai janareta, ana shiga ana fita, wa zai tsaya lissafin abin da ke cikin kowace roba? Ko ruwan sanyi ne a ciki, wa ya aike ta? Na ce zan sayo magani, ta ji da kunnenta. Kada ki sake yi mini wannan tambayar, kaina ciwo yake.

Tunda kina son gaskiya, bari in gaya miki yadda muke zaune. Ba na zagin Kaka, ba na ɗaga mata murya. Abincinta nake zubawa in ajiye mata a ƙofar ɗaki, da cokali a kai. Na san yatsun sun ƙage, ba ta iya riƙe cokali. Ina jin ƙararsa yana faɗuwa a siminti, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sai in taka keken ɗinki da ƙarfi. Mai kitso ce ke zagayowa ta ba ta a baki idan ta samu sarari. Ran nan ina shara na tsinci jelar gashin Shalele guda a bayan randa, rabinta ta babbake. Na ɗauka na ajiye wa Kaka a kan filonta. Da na leƙa da la'asar na ga ta ƙulle ta a bakin zanenta, da haƙori ta ja ƙullin.

Shalele na tambayarta. Tun tana goye a ɗakin Kaka take kwana, ke ma kin sani. Nakan ce mata Kaka ba ta da lafiya. Idan zan fita shago sai in kulle ta a ɗakina in tafi da makullin.

Baban Shalele ya yi mako guda bai ce uffan ba. Ya zauna a bakin gadon yarinya ya yi ta kallon kunnen. Kullum sai na maimaita masa cewa rashin sani ba hujja ba ne: direban da ya take mutum ba a sake shi don ya ce bai san birki ya lalace ba. Shekaranjiya na ji shi a ɗakin Kaka yana faɗa mata maganar nan tawa, kalma da kalma, har da direban. Mutumin da bai taɓa zama a kujera ba in tana tsaye. Ta ce masa gaskiya ya faɗa, Allah ya yi masa albarka.

An gama magana. Ran Lahadi zai kai ta wurin ƙanwarsa, wadda ke zaune a ɗaki biyu da yara biyar, tafiyar yini guda daga nan. Shekara goma sha tara Kaka tana ɗakin nan nata, tun kafin a kawo ni. Na riga na auna shi, teburin yanka da keke biyu za su shiga.

Ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki Tela

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida. Na san kin yi fushi tunda ba ki ba ni amsa ba. Wannan takardar ki karanta ta ke kaɗai, ba maganar waya ba ce.

Kin yi mini tambaya na hau ki da faɗa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ni na zuba fetur ɗin.

Ran Alhamis ɗin makon da abin ya faru aka ɗauke wuta, ga kayan makaranta saiti ashirin da na yi alkawarin gamawa. Na sayo fetur na cika janareta, sai na ga jarkar ta tsage a gindi tana ɗiga. Na duba ko'ina, babu abin da babu komai a ciki sai shuɗin galan, kananzir ɗinsa ya ƙare. Na juye sauran a ciki na mayar da shi bayan ƙofa, mazauninsa na kullum. Na ce zan gaya wa Kaka idan ta idar da salla. Na ce zan ɗaura tsumma a hannunsa don alama. Sai mai kaya ta zo, sai allura ta karye, sai gari ya waye. Ni kuwa na san fetur, Yaya. Ni ce mai korar masu shan sigari daga bakin shago idan janareta na aiki. Iyakar abin da zan iya cewa shi ne ban san za ta taɓa galan ɗin ba. Kin ga ni ma maganata ɗaya da tata.

Tun a motar da ta kai mu asibiti na gane. Da na ji warin a jikin rigar yarinya, na san fetur ɗin nan ne. Na duba fuskar Kaka, na ga ita ba ta san komai ba, tana ta cewa kananzir ne fa, kananzir ne. Kafin mu isa na riga na fara yi mata ihu. Da na fara kuma sai na kasa dainawa, don duk ranar da na yi shiru ina jin kamar kowa zai juyo ya kalle ni.

Ba ni kaɗai na sani ba. Shalele ce ta riƙe mini mazurari ran nan. Shi ya sa nake kulle ta, ba don hutunta ba.

Ran Lahadi Baban Shalele na waje yana ɗaure akwatin Kaka a saman mota, ita kuma ta tsaya a ƙofar ɗakina ta roƙe ni, don Allah don Annabi, in bar ta ta ga yarinyar ko sau ɗaya. Mai kitso na tsakar gida, kunya ta sa na buɗe, na tsaya a kansu. Shalele ta ruga ta rungume ƙafafunta. Ta kama hannuwan nan tana dubawa, sai ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, ba laifinki ba ne. Umma ce ta zuba fetur a galan ɗinki, ni na riƙe mata mazurari."

Babu wanda ya ji sai mu uku. Kaka ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, amma ya daɗe. Ɗanta na bakin ƙofar gida, da ta ɗaga murya sau ɗaya da an sauke akwatin, nawa ne za a ɗora. Sai ta sunkuya ta gyara wa yarinyar jar hularta da bayan hannu, ta ce, "Mafarki kika yi, 'yar nan. Ni na ƙona ki. Ki riƙa jin maganar uwarki." Ta fita ba ta waiwayo ba.

Ina so in ce miki na bi ta na durƙusa. Ban bi ta ba. Abin da na ji a lokacin sanyi ne a ƙirjina, irin na wanda aka sauke wa kaya. Na tsaya a taga har motar ta sha kwana, na koma na ɗora tukunya.

Yau mako biyar ke nan. Sau uku Shalele ta sake tayar da zancen mazurari, sau uku na ce mata ai Kaka da bakinta ta faɗa mata mafarki ne. Ƙanwar Baban Shalele ta aiko cewa tsohuwar ba ta cin abinci, hannun dama ya ruɓe, ana maganar yanke yatsu biyu. Shi kuma ya ce ba zai je ba tukuna, zuciyarsa ba ta huce ba. Idan na faɗa masa gaskiya, na san abin da zai biyo baya: zai ɗauke 'yata ya ba wata ta riƙe. Ba zan iya ba, Yaya. Ki kira ni duk sunan da kika ga dama, na riga ki kiran kaina da shi.

Jiya da yamma Kaka ta sa aka kira wayar Baban Shalele, wai muryar yarinyar kawai take son ji. Ya miƙa mata. Shalele ta ɓoye hannuwanta a baya, ta ce ba za ta yi magana da wadda ta ƙona ta ba. Wayar a buɗe take, ina jin numfashin tsohuwar a ciki tana jira. Baban Shalele ya dube ni ko zan lallashi yarinyar. Ina zaune a ɗakin Kaka, a gaban sabon teburin yanka, almakashi a hannuna. Na ce masa ya ƙyale ta, yaro ba ya manta wanda ya cuce shi.

Idan kin gama karantawa ki yayyage takardar nan. Ki gaida yara.

Ƙanwarki, in har kina so,
Tela